Shari'ar Dutsen Guga

"To ai na amsa. Me kuma kike so, in tashi in taka miki rawa?"

"Da hanci ka amsa. Na ce ina kwana Angona, ka ce 'hmm' kamar an taka wa akuya wutsiya."

"Akuyar ta fi ki iya gaisuwa. Wa ya aiko ki?"

"Ɗanka."

"Koma ki ce masa ba ki same ni ba."

Haka na ji sun fara, ina kan kekena ina zura zare. Ni tela ne, shagona manne yake da na Tsoho Mai Guga, katako ne kawai ya raba mu. Wutarmu ma daga bireka ɗaya take fitowa, ɗan makunnin nan da ke faɗuwa da kansa idan wuta ta yi wa waya yawa. A mako guda sau uku birekar ta faɗi, na ukun har da ƙara da warin ƙuna, ina tsakiyar ɗinkin wuyan riga. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba, ni na kira ɗansa na kai ƙara.

Ɗan ya zo da wata 'yar mita sabuwa a kwali, ya ɗora tsinkayenta biyu a kan ƙafafun fulogin dutsen gugar, mita ta ce "tiii". Nan take ya yanke hukunci, wai dutse ya yi shot. Dama shekara biyu ke nan yana lallaɓar uban ya ajiye aiki ya zauna a gida. Tsoho kuma ya taɓa cika baki a gaban shaidu cewa ranar da dutsen nan ya mutu, ranar zai rufe shago, don shi ba zai riƙe na robar nan da iska ke iya ɗauka ba. Ɗan ya kama shi da maganarsa, ya ce jibi zai zo da kwaɗo. Alfarma ɗaya ya yi, ya ce 'yarsa da ke aikin wuta za ta zo ta tabbatar tukuna. Ita ce wannan jikar Tsoho da ta shigo da jaka a kafaɗa, doguwa siririya, shi ya sa Tsoho ke ce mata Sukundireba tun kafin ta san da sukundireba za ta ci abinci.

Na ajiye ɗinkin na leƙo, don irin wannan shari'ar ba a ba ka labarinta.

"Ina mai laifin?" ta ce.

"Ba shi nan. Ya yi tafiya."

"Me kake zaune a kai?"

"Kujera."

"Kujerar da igiya ta fito mata ta ƙasa? Tashi, Tsoho, kafin ka ƙyanƙyashe shi."

Ya tashi yana gunaguni, ya janyo dutsen daga ƙarƙashin matashi ya ɗora a tebur. Baƙi ne, mai mariƙin katako da tafin hannunsa ya cinye har ya yi sulɓi. Ya bar hannunsa a kai bai ɗauke ba.

"Ki gaishe shi. Ya girmi ubanki a aiki."

"Ya girme shi a nauyi dai. Wannan in ya faɗo wa mutum a ƙafa ai sai dai a je da shi asibiti su biyu."

"Shekara talatin da shida bai taɓa ƙona ko hankici ba. Ke kuwa ruwan zafi kika ɗora kika ƙona tukunya."

"Ina 'yar shekara tara!"

"Tukunyar ba ta warke ba har yau."

Ta zaro mitarta, tsohuwa mai ɗaure da salatif, ta murɗa ta ɗora tsinkaye a kan ƙafafun fulogin. Mita ta ce "tiii". Wallahi sai da na ga fuskar Tsoho ta faɗi, ya kama gefen tebur. Amma bakin nan nasa bai mutu ba.

"Munafuka. Ita da ta ubanki uwarsu ɗaya."

"Kwantar da hankalinka, ban fara ba. Kalli nan." Ta haɗa tsinkayen biyu da junansu, mita ta sake cewa "tiii". "Ka ji? Kuka iri ɗaya. Tela, ara mini butarka ta dafa ruwa."

Na kawo. Ta ɗora mata tsinkaye, ita ma "tiii".

Tsoho ya daka tsalle kamar ba shi ne mai ciwon gwiwa ba. "A rufe shagon Tela! A kawo kwaɗo biyu! Dama na daɗe ina zargin butar nan, kallon da take yi mini bai yi mini ba!"

"Butata lafiyarta ƙalau," na ce, "yanzu na sha shayi."

"Lafiyarta ƙalau," in ji Sukundireba. "Abin da nake so ku gane ke nan. Kukan nan cewa kawai yake yi akwai hanyar da wuta za ta bi. Bai ce hanyar ta bi ta wurin aiki ko ta zagaye shi ba. Irin mitocin nan duk abin da ya gaza hamsin kuka suke yi masa, mai laifi da marar laifi. Baba kunne ya sa, bai sa ido ba."

"Haka yake tun yana yaro. Hamsin ɗin me?"

"Om. Ma'aunin turjiya."

"Yi Hausa, ba a aji muke ba."

"Hausar ke nan, tsufa ne ya toshe maka kunne. Saurara. A cikin dutsenka akwai wata siririyar waya doguwa a nannaɗe. Wuta ba ta wuce ta sai da ƙyar, tana kutsawa tana shan wuya, wuyar nan ce ke zama zafin da kake guga da shi. Yawan matsin da ta tarar a hanya shi muke aunawa. Shot kuwa shi ne wayar zuwa da wayar komowa su haɗu tun kafin a kai wurin aikin. Ba abin da ya tare ta, sai ta kwararo gaba ɗaya."

"Kamar ku 'yan zamani, kuna son a biya ku ba ku yi gumi ba."

"Kamar kai da kwanon tuwo dai, ba abin da ke tare ka."

Ta murɗa mitar daga wurin kuka zuwa wurin lamba, ta sake haɗa tsinkayen da juna, ta nuna masa fuskar mitar.

"Karanta."

"Ban ɗauko tabarau ba."

"Yana kan goshinka."

Ya sauko da shi yana harararta. "Sifili da ɗigo biyu."

"Wannan shi ne shot, hanya fayau ba mai tambayarka. Yanzu butar Tela."

"Ashirin da shida. Kash."

"Mai aiki ce, ta tsira. Yanzu tsohon abokinka."

Ta ɗora. Tsoho ya sunkuya har hancinsa na neman taɓa gilashin, leɓensa na motsi ba sauti. Ni ma na matso kusa, don in dutsen nan ya faɗi jarrabawa da hannuna a ciki.

"Arba'in... da takwas."

"Arba'in da takwas. Daidai abin da ya kamata dutse irinsa ya nuna. Da wannan turjiyar wutar da yake ja ba ta kai amfiya biyar ba a ma'aunin yawan wuta, birekarku kuwa tana ɗaukar sha shida ba ta ko tari. In da shot ne, lambar ta faɗo rabin om, wutar da za ta nemi wucewa ta haura ɗari huɗu."

"Ɗari huɗu a shagona, ba ko sallama?"

"Shi ya sa bireka ke faɗuwa, don kada ku tashi da gobara."

Tsoho ya ɗauki dutsen da hannu biyu ya ɗaga sama kamar an ba shi kofi. "An wanke shi! Tela, ka ji da kunnenka, maƙaryacin banza! Ke kuma na mayar da ke ɗakinki, dama saki ɗaya na yi miki."

"Wa ya ce ina son komawa? Ajiye shi, ba a gama ba."

"Me ya rage?"

"Bireka ba ta faɗuwa don nishaɗi. Sau uku ta faɗi, kuma duk ukun dutsen nan yana hannunka. In na ce wa Baba arba'in da takwas na tafi, gobe ta sake faɗuwa, ba zai ƙara sauraron kowa ba. Me kake gogewa ranar farko?"

"Zannuwan gado na masaukin baƙi. Ba su yarda da hannun kowa ba sai nawa."

"Rana ta biyu?"

"Labulen wata mata."

"Ta uku?"

"Zannuwan gado kuma. Ke 'yar sanda ce?"

"Riga fa? Wando? Ta taɓa faɗuwa kana kansu?"

Ni na amsa, na ce ba ta taɓa ba, don ranar da ya wuni kan kayan 'yan makaranta lafiya lau muka tashi.

"Shimfiɗa zanen gado," ta ce. "Ka goge shi."

"To jona mini."

"Ba za a jona ba. Haka za ka goge."

"Da dutse mai sanyi? A bakin titi, mutane na wucewa? Dama ubanki na neman hujjar cewa na fara ruɗewa, ke kuma kin zo ki ba shi da shaidu!"

"Ai ba wanda zai lura, kullum haka gugar taka take fitowa."

"Tela, riƙe ni kada in yi kisan kai."

Ban riƙe shi ba, na dai taya shi shimfiɗa zanen. Ta maƙala wa ƙafafun fulogin 'yan matsai biyu na mitar, ta zauna a kan bokiti da mita a cinya. Tsoho ya gyara tsayuwa, ya yayyafa ruwa don sabo, ya fara tura dutse mai sanyi a kan zane da dukan ƙwarewarsa. Wani mai keke ya tsaya yana kallo, Tsoho ya ce masa sabuwar fasaha ce, ya wuce.

"Arba'in da takwas," take faɗa. "Arba'in da takwas. Ci gaba, Angona, ka yi kyau. Arba'in da takwas. Je can ƙarshe."

Ya miƙa hannu zuwa kusurwar nesa, igiya ta miƙe ta ɗaure.

"Tsaya! Kada ka motsa. Sifili da ɗigo huɗu."

Ya dawo da dutsen tsakiya.

"Arba'in da takwas. Koma."

Ya koma.

"Sifili da ɗigo huɗu. Ga ɓarawon nan. Ba a cikin dutse yake ba, a hanya yake, kuma sai an ja igiya yake fitowa."

Ta durƙusa ta bi igiyar da yatsa daga gindin dutsen, ta gangara gefen tebur, ta leƙa ƙarƙashin leɓen katakon. Ƙusoshi uku ne a jere, kowacce an buga ta rabi an lanƙwasa ta a kan igiyar don ta riƙe ta. Ta ukun, wadda ke kusurwa, ta cinye robar ta shige ciki, katakon wurin ya yi baƙi. Duk sanda aka ja igiya sai ƙusar ta danne wayoyin biyu ta haɗa su.

"Allah ya tsare ba ka taɓa kan ƙusar nan da jiƙaƙƙen hannu ba," ta ce, wannan karon ba wasa a muryarta. "Wa ya buga?"

Tsoho ya dubi ƙusar, ya dubi titi. "Ni."

"Kai?"

"Ni na buga. Teburina ne ko naki?"

"Ka san abin da Baba zai ce in ya ji? Zai ce dutse lafiyarsa lau, mai dutsen ne ya lalace. Ko jibin ba zai jira ba."

"Na sani."

Kunya ta rufe ni a wurin, don gudumar da aka yi aikin da ita tawa ce. Watan jiya Tsoho ya yi tuntuɓe da igiyar nan tana jan ƙasa, ya ɗan gurje gwiwa. Washegari ɗan ya zo da kayan ofis a jikinsa, ya ari gudumata, ya durƙusa a ƙasa ya ɗaure igiyar a jikin tebur don kada ubansa ya sake faɗuwa. Na buɗe baki zan yi magana, Tsoho ya watsa mini wani kallo, na mayar da ita tari.

Sukundireba ba ta ko dube ni ba. Ƙusoshin take kallo.

"Da wane hannun ka buga?"

"Da wannan."

"Hannun da ke kiran Tela ya buɗe masa murfin kwalba?"

"Ranar da ƙarfina na tashi."

"Kuma ranar bahago ka tashi? Duk ukun hagu suka kwanta. Tsoho, da irin aikin nan na girma. Haka igiyar fankarmu take, haka ta talabijin, ko igiyar shanya ba ta tsira ba. Mutum ɗaya ne a duniya ke ganin igiya ya ji hannunsa na ƙaiƙayi, kuma kai ka haife shi."

"Sharri za ki yi wa ubanki?"

"Tela, gudumar wa aka ara?"

Na ce ni ɗinki ne sana'ata.

Tsoho ya zauna a kan kujera, ya cire tabarau ya riƙe. Muryarsa ta sauka. "Ke, rufa wa ubanki asiri. Don kada in faɗi ya yi. Yaron nan in ya ji da hannunsa ya kusa ƙona ni, ba zai yi barcin wata guda ba. Gara a ce ni ne, ni tsoho ne, an saba."

"Ka rasa shagon?"

"Na zauna a gida in dinga goge labulen uwarki har ya huje."

Tausayinsa ya kama ni, ita ma na ga ta juya baya tana laluben jakarta fiye da yadda ake neman filaya. Da ta juyo ta dawo da bakinta.

"Ba zan iya zaman aure da mai zaman kashe wando ba. Matsa."

Ta zare ƙusoshin, ta kwance tsohuwar igiyar ta sa sabuwa mai kauri. Ta hau kan bokiti ta ɗaura ƙugiya mai roba a jikin katakon rufi, ta rataya igiyar ta sama, yadda ba za ta ja ƙasa ba kuma ba abin da zai cije ta. Ta sa shi ya sake gugar sanyi kusurwa huɗu, lamba ba ta motsa daga arba'in da takwas ba. Sannan ta jona. Muka zuba wa bireka ido mu uku, ita kuwa ko gezau. Tsoho ya lashi yatsa ya taɓa gindin dutsen, ya ce "tsss".

Ta fito da salularta ta kira uban, ta buɗe murya kowa na ji.

"Baba, na auna. Dutsen lafiyarsa lau, arba'in da takwas yake nunawa. Kukan da mitarka ta yi ba shot ba ne, ko butar shayi haka take sa ta kuka. Igiya ce ta yanke, na canza."

"Igiya? Me ya yanke ta?"

Tsoho ya hau yi mata alama da hannu biyu, yana girgiza kai kamar zai cire shi.

"Ƙusa ce, Baba. Uku ne a gefen tebur, ta ukun ce ta ci robar."

Tsoho ya dafe kai.

"Ƙusar da ke..." ɗan ya fara, bai ƙarasa ba.

Tsoho ya fizge salular. "Ɓera ne! Ɓera ne ya buga, na gan shi da idona!"

Aka yi wata 'yar dariya a can. Sai ɗan ya ce, "Baba, ba ka ji ciwo ba dai?"

"Ciwon me? Aiki kuka hana ni tun safe, kai da wannan tsinken 'yar taka."

"Baba... ina da riguna huɗu duk sun yamutse. In kawo gobe?"

Tsoho ya gyara riƙon salular.

"Kawo. Amma layi za ka bi, akwai mutane a gabanka. Kuma hannu biyu za ka shigo mini, ba guduma."

Ya miƙa mata salular ba tare da ya dube ta ba.

"To?" ta ce. "Ina jira."

"Jiran me?"

"Ka faɗa a gaban Tela. Wa ya fi wani?"

"Mitar ce ta yi aiki, ke riƙe ta kawai kika yi."

"In mayar da ƙusoshin ke nan?"

Dariya ta ƙwace masa har yana dafa tebur. "Kin ci, Sukundireba. Yau ɗaya, kada ki saba."

Ya zaro farin hankicinsa daga aljihu ya shimfiɗa a kan tebur, ya bi shi da dutsen sau biyu, ya ninka huɗu ya sake dannewa. Ya kamo hannunta da ya yi baƙi da ƙurar igiya ya ɗora mata a tafi.

"Goge hannun nan kafin ki ɓata wa mutane zannuwa."

Ba ta goge ba. Ta sa shi a aljihun gaba da zafinsa, ta ɗauki jakarta.